Zauren Totur: Maciji da Tunku, da sauran karon battar ƙarfe a tseren dirag

Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da sake haɗuwa. Tun da na taɓo zancen tseren dirag a fitowar da ta wuce saƙonni suke ta shigowa ba ƙaƙƙautawa, wasu ma har gareji suka biyo ni nan Apo muna tsaye kan injin ana tambaya ina amsawa. Toh yau ga filin nan gabaɗaya na bar muku shi, na zaɓi guda biyar.

Tambaya daga Sadik, Kubwa: Malam Injiniya barka da aiki. Ni fa abun nan ya ɗaure min kai, mota biyu su tsaya su miƙe kafin ka ƙifta ido an gama, ba kwana ba komai, wai me ake kallo a ciki har mutane suke biyan kuɗi? Kuma daga ina ya samo asali?

Amsa: Sadik ƙanena, ka taɓa zuwa gidan dambe na Dei-Dei? In ka taɓa zuwa to rabin amsarka tana can. Wani damben ai naushi ɗaya ne an yi kisa an tashi, amma mutane tun la'asar suke zaune suna jira, saboda ba naushin kaɗai suka zo gani ba, sun zo ne su ga wane da wane, su ga Kudu da Arewa ko Guramada, an yi sati ana cika baki yau za a raba gardama. To dirag haka yake, mota biyu layi biyu, tazarar da aka saba ita ce kwatan mil wato mita 402, kamar tsawon filin ƙwallo huɗu kenan, wanda ya riga tsallake layi shi ya ci, wanda aka kayar ya ɗora motarsa a tirela ya kama hanya.

Asalinsa Amurka ne, ɓangaren Kalifoniya. Tun shekarun 1930 samari suke kai tsofaffin motocin Ford da suka yi wa aiki busassun tafkuna na cikin hamada irin su Muroc da El Mirage suna gwada gudu. Da aka gama yaƙin duniya na biyu sojoji suka dawo gida da ilimin injin a hannunsu ga ɗan kuɗi a aljihu, sai abun ya dawo kan titunan gari da daddare, ana mutuwa ana kashe mutane 'yan sanda suna kame. A 1950 wani mutum C.J. Hart ya buɗe fili a wani titin jirgin sama da ke Santa Ana, ka biya kuɗin ƙofa ka shiga ka yi gudunka, a 1951 kuma Wally Parks wanda yake editan mujallar Hot Rod ya kafa ƙungiyar shirya tseren dirag mai suna NHRA, ita ce har gobe uwa a wannan harka. Gasarsu ta ƙasa ta farko a 1955 aka yi ta a Great Bend cikin jihar Kansas.

Amma fa ga abun da nake so ka riƙe, gasar ƙungiya sau nawa ake yinta a shekara a wancan lokacin? 'Yan ƙalilan ne. Direba ba zai ci abinci da kofi ba. Abun da ya ciyar da su shine karon mutum biyu, mai fili a wani ƙaramin gari zai kira fitattun direbobi biyu ya ce ga kuɗinku kun ci ko ba ku ci ba, ku dai ku zo ranar Asabar da daddare ku kara, turmi uku wanda ya ci biyu shine gwani, sai ya cika rediyo da shela sati guda. Kaga dai sak tsarin gidan dambe, har turmi ukun. Akwai ma wata jarida Drag News da take fitar da jerin gwanaye goma, in kana son matsayin wani sai ka ƙalubalance shi a fili, ka kayar da shi ka hau kujerarsa shi ya sauko.

Akwai wani Jim Liberman da ake kira Jungle Jim, shi kam a wannan harkar ya yi sunansa gabaɗaya, a shekara yakan yi wajen karo ɗari, yau yana wannan jihar gobe ya kwana a hanya yana wata. Babbar gasar NHRA guda ɗaya tak ya taɓa ci, a 1975 a Englishtown ta jihar New Jersey, amma in aka ce zai zo gari to fili sai ya cika ya batse, don in ya ƙona taya hayaƙi ya turnuƙe sai ya dawo da baya a guje kamar zai tashi sama mutane suna ihu. Hatsarin mota ne a kan titi ya kashe shi a 1977 yana da shekara 31. Ni a ganina mutumin nan shine hujjar cewa ba agogo mutane suke zuwa kallo ba.

Tambaya daga Nura bakanike, Apo: Oga, a cikin duk masu gabar nan wace ce ta fara tada ƙura sosai? Muna gardama a gareji wani ya ce duk 'yan Kalifoniya ne gwanayen.

Amsa: Nura ka gaya wa abokin gardamarka su ma 'yan Kalifoniyan haka suka ɗauka, har sai da Don Garlits ya ɓullo musu daga Tampa ta jihar Fulorida, can ɗaya gefen ƙasar. A 1957 aka ce yaron nan ya yi gudun mil 176 a awa, wato wajen kilomita 283, mutanen yamma suka ce ƙarya ne agogon Fulorida ne ba shi da lafiya. Wani abokin hamayyarsa ya yi masa ba'a ya kira shi ɓeran fadama tunda yankinsu duk fadama ce, shi kuwa bai yi fushi ba sai ya ɗauki sunan ya rubuta a jikin motarsa, Swamp Rat, duk motar da ya ƙera bayan nan sunanta kenan sai dai lamba ta canza. A 1959 aka biya shi kuɗi ya taho Bakersfield ta Kalifoniya don a gani da ido, kuma gaskiya a wannan zuwan bai ci ba, don motocin 'yan Kalifoniya suna da abun hura iska cikin injin tasa ba ta da shi. Bai koma gida ba sai da ya nemo nasa ya ɗaura, ya bi su filayensu ya dinga kayar da su. Daga nan gardamar agogo ta mutu.

Ku kanikawa ga inda za ku so mutumin nan. Da can direba a bayan injin yake zama, giyabos yana tsakanin ƙafafunsa, in injin ya fashe mai da wuta a fuskarsa suke sauka. Ranar 8 ga Maris 1970 a filin tsere na Lions da yake kusa da Long Beach ta Kalifoniya a wancan lokacin, yana tashi giyabos ɗin ya tarwatse ya raba motar gida biyu ya yanke masa wani sashe na ƙafar dama. Yana kwance a gadon asibiti ya zana sabuwar mota wadda injin yake bayan direba. Wasu sun gwada hakan kafin shi motar tana ƙin miƙewa, shi da mutanensa suka yi ta fama har suka gano sitiyarin ne ya cika saurin juyawa, suka rage masa kaifi, motar ta miƙe sarai. Farkon 1971 ya je Pomona da ita ya cinye gasar, cikin shekara biyu kusan kowa ya koma irinta. Rayukan da wannan gyaran ya tsare Allah kaɗai ya san adadinsu.

Sannan kar in manta da rikicin masu tsofaffin motocin Willys ƙirar 1941 a farkon shekarun 1960, ƙungiyar Stone, Woods da Cook a gefe ɗaya, Big John Mazmanian a ɗaya gefen. Kamfanonin da suke sayar musu da kayan injin su ne suke sayen shafi a jarida duk sati ana yi wa juna habaici da gori, masu fili kuma suna ta kirga kuɗin ƙofa. Fred Stone da Tim Woods masu motar baƙaƙen fata ne, direbansu Doug Cook bature, a Amurkar wancan zamanin da wariyar launi take da ƙarfinta wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Tambaya daga Hajiya Maryam, Gwarimpa: Malam, 'yata ce take jami'a tana karatun injiniya, ita ta nuna min shafin nan. Tace in tambaye ka wai da gaske akwai macen da ta gagari maza a wannan tseren?

Amsa: Ranki ya daɗe Hajiya, a gaida 'yar tamu Allah ya ba ta sa'ar karatu. Da gaske ne, sunanta Shirley Muldowney, a garin Schenectady na jihar Niyok ta taso. A 1973 ta zama mace ta farko da NHRA ta ba wa lasisin tuƙa Top Fuel, wato aji mafi girma kuma mafi hatsari. Ƙa'ida ce sai direbobin da suke da lasisi sun ga gudunka sun sa hannu, kuma cikin waɗanda suka sa mata hannu har da Garlits ɗin nan da na gama ba da labarinsa, wanda daga baya ya zama babban abokin karonta. A 1975 su biyun ne suka kai ƙarshe a babbar gasar Indianapolis ya kayar da ita, ba ta karaya ba, ta ɗauki kambun shekara a 1977, ta sake a 1980, ta ƙara a 1982, kuma ita ce mutum na farko mace ko namiji da ya fara ɗaukar kambun Top Fuel na NHRA sau uku. Shi Garlits sai a 1986 ya cika nasa ukun.

Masu fili kuwa sun gane babu abun da yake kawo jama'a kamar a ce Garlits da Shirley za su kara, mata su cika gefe guda suna bayanta, su biyun kuma kowa bakinsa da kaifi ba mai raga wa wani a gaban 'yan jarida. A 1984 tayar gabanta ta samu matsala a wani fili kusa da Montreal ta Kanada, motar ta yi kaca-kaca ƙafafunta suka karairaye, an yi mata aiki ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, amma a 1986 ta dawo cikin mota, ba ta ajiye ba sai 2003. Hajiya ki ce wa 'yar ta riƙe karatun nan da kyau, mota ba ta san mace ko namiji ba, wanda ya iya ta shi take bi.

Tambaya daga wani matashi a Lugbe da ya ce a sakaya sunansa: Yallaɓai ni da abokina mun daɗe muna musu tsakanin motata da tasa, mun yanke ranar Lahadi da sassafe mu raba gardama a titin filin jirgi tunda ba mutane lokacin. Wace shawara za ka ba ni in riga shi tashi?

Amsa: Ɗana, na rantse ba zan ba ka wannan shawarar ba, kuma ina roƙonka don girman Allah ku fasa. Titin filin jirgi ba ya taɓa zama ba kowa, akwai mai tsallakawa daga masallaci, akwai masu shara, akwai ɗan tasi da zai tsaya ɗaukar fasinja ba sigina. Motar da take kilomita 160 a awa tana cin sama da mita 44 duk sakan ɗaya, kafin ƙafarka ta bar totur ta sami birki ka riga ka wuce inda mutumin yake tsaye. An taɓa jawo min wata mota gareji bayan irin wannan wasan, gabanta ya dawo har wajen kujerar direba, uban yaron ya tsaya a kanta ya kasa magana sai hawaye, har yau in na tuna jikina mutuwa yake.

Ka duba tarihin da na ba Sadik a sama, duk wahalar su Wally Parks don a ɗauke samari daga kan titi ne, shi kansa filin Lions ƙungiyoyin sa kai ne suka tara kuɗi suka buɗe shi a 1955 saboda wannan dalilin. A filin gaske akwai katanga hagu da dama, akwai doguwar hanyar tsayawa da yashi da raga a ƙarshe, ga motar kashe gobara ga ta asibiti, a duba motarka kafin a bar ka ka hau layi. Kuma duk da haka a 2008 Scott Kalitta ya rasu a Englishtown, abun da ya sa NHRA ta rage wa manyan motoci masu shan naitiro, wato wani mai na musamman mai ƙarfin gaske, tazara daga mita 402 zuwa mita 305 don a sami ƙarin wurin birki. Waɗannan motocin ƙarfin doki wajen 11,000 gare su, suna gama tazarar cikin ƙasa da sakan huɗu a gudun da ya haura kilomita 530 a awa, sai da laima ake tsayar da su, gudu ɗaya yana shan mai wajen jarka biyu ta lita 25, kuma duk gudu ɗaya sai an kwance injin an sake ɗaure shi. Mutanen da suke da wannan shirin ma sun rage tazara, to ina kai da za ka hau kwaltar jama'a da tayar da ba ka san shekarunta ba? In da gaske kuna son abun ku haɗu ku yi ƙungiya mai rajista, ku nemi izinin hukuma da rufaffen wuri, ni da kaina zan zo in duba muku birki da taya kyauta.

Tambaya daga Malam Ɗanjuma, Nyanya: Injiniya, na ji ana maganar Maciji da Tunku. Shin gabar nan ta gaske ce ko dai shiri ne kawai don a ci kuɗin 'yan kallo?

Amsa: Malam Ɗanjuma wannan tambayar na ajiye ta ƙarshe da gangan don ita ta fi taɓa ni. Maciji shine Don Prudhomme, dogo siriri, an sa masa sunan ne saboda saurin saransa wajen tashi, don a wannan tseren rabin nasara a tashi take, da can mutum ne yake ɗaga tuta, daga 1963 aka koma fitilu irin na danja, ka riga koriya tashi ja ta kama ka an fitar da kai, ka yi jinkirin ƙiftawar ido kuma wanda motarsa ba ta kai taka ba ya riga ka isa. Prudhomme mai fentin mota ne asalinsa, a farkon shekarun 1960 yana tuƙa wata mota da Keith Black yake haɗa mata injin, kusan ba a iya kayar da shi. Sai wani mai haɗa injin Ed Donovan ya ce ai maganin maciji tunku, ya laƙaba wa direbansa Tom McEwen sunan Tunku. A watan Satumba 1964 aka haɗa su a filin Lions, Tunku ya ci turmi biyu a jere. Sunan ya zauna daga ranar.

Halinsu kuwa ya sha bamban. Maciji ba ya dariya ranar tsere, in aka kayar da shi ko magana ba a yi masa, ya ɗauki kambun ajin Funny Car, wato motoci masu bodi mai kama da na motar gida wanda ake ɗagawa gabaɗaya, shekara huɗu a jere daga 1975 zuwa 1978, manyan gasannin NHRA 49 ya ci a rayuwarsa. Tunku biyar kawai ya ci, amma shi Allah ya ba shi baki da kan kasuwa. Shi ne ya ga yara suna wasa da ƙananan motocin Hot Wheels ya ce me zai hana a yi na Maciji da na Tunku, ya lallaɓa abokinsa suka je kamfanin Mattel mai yin su, a 1970 abun ya kankama. Maciji ya hau Plymouth Barracuda ruwan ɗorawa, Tunku ya hau Plymouth Duster ja, suka zaga Amurka gari gari suna karawa, yara suna saye a kanti suna yin nasu karon a tsakar ɗaki. Wannan yana cikin karo na farko da babban kamfanin da ba ruwansa da kayan mota ya zuba kuɗi masu nauyi a dirag, ƙofar da suka buɗe kenan kowa ya bi.

To kaga ta fuskar kuɗi shiri ne, kamfani ɗaya ma suka buɗe tare, tare ake biyansu. Amma in fitila ta kama ba shiri, Prudhomme mutum ne da ko wasan yara ba zai bar maka ba, kuma mafi yawan karon shi yake ci, McEwen yana jin zafin hakan ba ya ɓoyewa. Duk wanda ya san 'yan dambe ya san wannan, su ci tuwo kwano ɗaya da rana, da yamma in an buga kalangu kowa ya ɗaure hannunsa da gaske.

A 1978 ɗan McEwen mai suna Jamie ya rasu da cutar kansar jini, 'yan kwanaki kafin babbar gasar Indianapolis, wadda a wajensu babu kamarta. Uban ya so ya zauna a gida, amma yaron kafin ya cika ya nuna yana son babansa ya je, sai ya ɗaure ya tafi. Ya dinga cin turmi ɗaya bayan ɗaya har ya kai ƙarshe, kuma wa zai tarar a ɗaya layin in ba Maciji ba, a shekarar da Macijin yake kan ganiyarsa kowa yana tsoronsa. Ba wanda ya roƙi Prudhomme ya sassauta kuma bai sassauta ba, ya ba ta wuta iya wuta har tayoyinsa suka sulɓe suka yi hayaƙi, Tunku ya miƙe ya tsallake layi cikin sakan 6.05. Da motocin suka tsaya can ƙarshen fili McEwen ya kasa fitowa, yana zaune a ciki yana kuka. Prudhomme ya sauko daga tasa ya taka ya zo, aka ɗaga bodin motar ya sunkuya ya shiga ya zauna kusa da shi, su biyu suna hawaye. McEwen ya rasu a watan Yuni 2018, kuma har zuwa lokacin suna tare da Prudhomme, suna zuwa taron tsofaffin direbobi da motocin nan biyu ja da ruwan ɗorawa da aka sake gyarawa.

Mai tambaya kan giyabos ko matsalar zafin injin ya turo, fitowa ta gaba a kansu za mu zauna in Allah ya kai mu.